Itatuwan Ƙetaren Ruwa: Daga Karaye Zuwa Rogo

Titin Gwarzo ba ya sakin mutum daga birnin Kano da wuri. A wuce Kabuga, a wuce sabon mazaunin Jami'ar Bayero, a wuce Janguza, har yanzu bulo ne da kwano da gidajen mai hagu da dama. Sai an doshi Rimin Gado ƙasa take buɗewa, gonaki su fito fili, kowace da itatuwanta jefi-jefi. Ƙarshen Fabrairu ne. An daɗe da kai amfani gida, an ɗaure kara an jingine, shanu sun lashe abin da ya saura, hazo kuma bai gama tattara kayansa ba. A irin wannan lokaci ido ba shi da abin kamawa sai itace. Da damina dawa da masara kan rufe gindin kowane, kore ya shige cikin kore. Da rani kuwa kowa na tsaye shi kaɗai, babu wurin ɓuya.

Baƙo zai iya ɗauka ragowar daji yake gani. To, babu itacen da ya tsira a tsakiyar gonar Bakano da ƙarfin kansa. Wani ne ya zo da gatari ranar sassabe, ya dube shi ya ɗauke hannu, 'ya'yansa da jikokinsa su ma suka ɗauke. Duk abin da ke tsaye zaɓaɓɓe ne: na miya, na daddawa, na magani, na inuwa, na kiwon bisashe. Shi ya sa mai neman sunan itacen da ya hango daga nesa a wannan ƙasa ya fi mai kallon kurmi sauƙin aiki. Sunayen da zai zaɓa a ciki ba su da yawa, kuma kowane itace yana da irin wurin da aka saba barinsa.

Muka bar titin Gwarzo muka karya kudu. Karaye da Rogo, ƙananan hukumomi biyun da na nufa, su ne ƙasar masarautar Karaye a yau, tun da gwamnatin jiha ta rushe masarautun da aka ƙirƙiro a 2019, sannan ta dawo da ita a Yulin 2024 a matsayin mai daraja ta biyu. Ban tsaya a fada ba, ruwa na nufa.

Madatsar Challawa tana kudu da garin Karaye. Kamfanin Julius Berger ne ya gina ta tsakanin 1990 da 1992, tsayinta mita 42, tsawon ganuwarta ya kusa kilomita takwas, kuma idan ta cika takan riƙe ruwa kubik mita miliyan 900 da ɗoriya. Hukumar raya kogunan Haɗejiya da Jama'are ce ke kula da ita. Mutumin da ya saba da rafin da ake tsallakewa da tattare wando, in ya tsaya a gaɓarta sai ya yi shiru tukuna. A kan wani tudu da hantsi na ɗaga waya na ɗauki ƙetaren. Abin da ya fito layi uku ne: ruwa mai launin toka a ƙasa, sama mai launin toka a bisa, a tsakaninsu siririyar ƙasa fara da ɗigo-ɗigon duhu a kanta, wasu dogaye, wasu a dunƙule, wasu a baje. Ka sa yatsu biyu ka buɗa hoton, ɗigon ya yi girma amma bai ƙara faɗin komai ba, sai ma ya narke.

A wata rumfar mai shayi da ke bakin hanyar da masunta ke bi na sami wani dattijo yana gyaran raga. Manomi ne da damina, da rani ya bi ruwa. Bayan gaisuwa na miƙa masa wayar.

"Baba, ko za ka duba mini itatuwan nan?"

"Idon ya tsufa, ɗana, amma kawo."

Ya riƙe ta nesa da fuskarsa. Kafin ya ambaci sunan itace ko ɗaya sai da ya yi mini tambaya uku: yau na ɗauka ko tsohon hoto ne, a ina na tsaya, kuma rana tana bayana ko tana gabana. Ta ukun ce ta fi ba ni sha'awa. In rana na bayan mai ɗauka, launin ganye yana fita, a bambanta mai duhu da mai haske. In kuwa ita ya fuskanta, kowane itace baƙi ne, sai dai a yi aiki da tsayuwarsa kaɗai. Na ce masa tana bayana. Ya ce, "To, da sauƙi."

Ya fara da waɗanda ba sa bukatar gardama. Kuka, ya nuna ta da farce: gindi mai kauri fiye da kima, jiki mai haske, rassa gajeru tsirara ba ganye ko ɗaya. Akwai wasu a cure wuri guda can gefen hagu, ba alamar rufin gida kusa da su. Ya ce kufai ne. Kuka mutane take bi, domin inda ake shan garinta a zubar da ƙwallo nan take tsira, kuma takan daɗe a tsaye bayan katanga ta rushe, rijiya ta cike, an manta sunan mai unguwar. Wanda ya ga kukoki a taru a fili, tsohon gari yake kallo.

Sai giginya. Sanda ɗaya ce miƙe sambal, da ɗan kumburi a sama da tsakiyarta, kai kuma a dunƙule. Goriba ba ta rikita da ita domin goriba tana rabuwa biyu, kowane reshe ya sake rabuwa. Dabino kuwa siriri ne, ganyensa dogaye masu lanƙwasowa. Giginyun da ke hoton sun yi jeri a karkace. Dattijon ya bi jerin da yatsa ya ce nan ne fadama ta bi ta gangaro, ruwa na kusa da sama a wurin ko da ido bai gan shi ba. Mai shayi, da ke leƙowa ta kafaɗarsa, ya ce inuwar giginya ai na nesa ka sha, ga shi har hoton ma na nesa ne ya fi gane ta. Gaskiyarsa. A gindinta ba ka ganin komai sai itace mai toka ya tafi sama.

Akwai guda ɗaya da ya ɗara kowa tsawo, rassansa a miƙe gefe da gefe hawa-hawa. Rimi ne, kuma tunda rimi adon gari ne, dattijon ya ce in na duba da kyau zan ga kwano na ƙyalli a ƙarƙashinsa. Na duba. Akwai wani ɗan farin tabo.

Ɗorawa ita ma ba ta wahalar da shi ba. Gajeren gindi ne, rassa su fita su baje kamar laima, faɗinta ya fi tsayinta, kuma ganyenta ƙanana ne, saboda haka haske na ratsa ta. Ko a hoton da hazo ya dusar, ɗorawa ba ta yin baƙi ƙirin. Akwai ramukan haske a jikinta. Kuma a tsakiyar gona ake samun ta, kowace da tazararta, domin inuwarta tana danne shuka kuma manomi ba ya barin biyu su haɗa kai.

Inda ya daɗe shi ne kan wani mai kore-kore da ya ɗan yi toka, ƙasansa a tsuke samansa a buɗe, da wasu fararen ɗigo a gindinsa. Ya ce gawo ne, fararen kuwa shanu ne.

"Da a watan takwas ka kawo mini hoton nan, da na ce maka matacce ne."

Gawo shi kaɗai ne a cikinsu yake yin abu a juye. Idan ruwa ya sauka kowa ya yi ganye, shi sai ya kaɗe nasa. Idan rani ya shigo da yawa suka bushe, shi sai ya yi shar. Saiwarsa ce ke nutsewa can ƙasa ta kai ga ruwan da sauran ba sa kaiwa. Amfanin wannan ga manomi ba kaɗan ba ne: ganyen da ya zuba a farkon damina taki ne, ba ya tare wa gero rana lokacin da gero ke bukatarta, saiwarsa na ƙara wa ƙasa ƙarfi irin yadda ta wake ke yi, kuma da rani dabbobi na taruwa a inuwarsa su ci 'ya'yansa su bar kashi a wurin. Ga mai karatun hoto kuwa darasin shi ne, hoton da ba a san watan da aka ɗauke shi ba rabin shaida ne. Itace kore a fili fari, wani watan gawo ne. Itace tsirara a fili kore, wani watan shi ne dai.

Daga nan muka shiga masu duhu, kuma nan ne aikin yake. Mangwaro da tsamiya da kanya duk suna riƙe ganye da rani, duk ganyen nasu a cunkushe yake, duk baƙaƙe suke fitowa daga nesa. Mangwaro ya fi saurin tona kansa: kansa zagaye ne, ya sauko kusa da ƙasa, ƙasan a yanke daidai inda bakin saniya ke kaiwa, kuma da wuya ka gan shi shi kaɗai. Dasa shi ake yi, saboda haka a jere yake ko a garke, kusa da fadama ko bayan gida. Dattijon ya ware mangwarori ya ajiye gefe. Ya rage wani babban dunƙule shi kaɗai a kan ɗan tudu. Ya juya wayar, ya matso da ita, ya nisanta ta.

"Wannan ko tsamiya ko kanya. Su biyun duk suna son suri. Kanya ta fi tsayi da baƙi, tsamiya ta fi faɗi, gefenta na zubowa. Wannan kuwa ga tsayi ga faɗi. Sai an je."

Na so ya yi ko da cinta ce. Ya ƙi. Ya ce sunan itace ba abin wasa ba ne, domin wani zai ji ya je ya saro saiwa ya jiƙa wa mara lafiya.

Jikansa, saurayi mai babur, ya ce ya san wurin, zagaye ne amma ana zuwa. Kafin mu tashi ya karɓi hoton a wayarsa ya saka shi cikin wata manhaja ta gane tsirrai, don ya nuna wa kakansa zamani. Manhajar ta kawo sunayen itatuwan wasu ƙasashe. Ba abin zargi ba ne. Irin waɗannan manhajoji da hotunan ganye da fure da 'ya'ya da ɓawo aka koyar da su, kuma ilimin tsirrai na boko kansa a kan fure da 'ya'ya ya gina rabe-rabensa. Likitan nan ɗan Sikotlan, J. M. Dalziel, wanda ya fitar da littafin sunayen tsirrai na Hausa a 1916, haka ya yi aikinsa: ya tsinko reshe ya matse a takarda don masana, ya tambayi mutanen gari suna. Sanin itace ta tsayuwarsa daga nisan tafiyar sa'a guda wani ilimi ne daban, na makiyayi da mafarauci da matar da ke neman inda za ta dosa da ƙwaryarta, kuma ba a cika rubuta shi ba.

Muka bi ta cikin gonaki, babur na tsalle a kan kunya. Tun da sauran tafiya dunƙulen ya fara rabewa, da muka iso kuwa sai ga itace biyu a kan tsohon suri ɗaya, gindinsu bai fi taku uku tsakani ba. Ta gabas tsamiya ce: ɓawo mai toka da tsaga a tsaye, ƙananan ganye bibbiyu a jere a kan kowane tsinke, 'ya'ya masu ruwan ƙasa suna reto, wasu sun faɗo sun fashe tururuwa na ciki. Ƙasan gindinta fes, ko ciyawa babu. Ta yamma kanya ce, ta ratsa ta cikin rassan tsamiyar ta fito sama: ɓawonta baƙi, ya farfashe ƙanana-ƙanana, ganyenta mai kauri yana sheƙi, ƙwallayen da yara suka tsotse suka tofar na warwatse a ƙasa. Tsayin na kanya ne, faɗin na tsamiya. Nisa ya haɗe su ya ba su kai ɗaya, kuma babu girman hoton da zai raba su muddin daga wancan tudun aka ɗauka.

A hanyar dawowa muka tsaya a gindin wata ɗorawa. Lokacin furenta ne. Jajayen ƙwallaye ne ke rataye a dogayen igiyoyi, ƙudan zuma sun rufe su, ƙarar tasu har ta danne ta iska. Duk wannan ja da ke cika ido a nan, ko alamarsa babu a hoton da na ɗauka da hantsi.

Hanyar Rogo ta yi kudu maso yamma, ta nufi inda Kano ta haɗa iyaka da Kaduna da Katsina. Ruwan sama ya fi yawa a nan, ƙasar masara ce da waken soya, fadamu kuma rake ya cika su. Gawo ya fara ƙaranci, kaɗanya ta fara yawa. Na yi ta gwada karatun da na koya ta tagar mota, kuma kaɗanya ce ta fi ba ni aiki. Matsakaiciya ce, kakkaura, rassanta a murɗe, ganyenta a tattare a bakin kowane reshe. Amma a wannan wata ba ta da kama ɗaya: wata ta kaɗe tas, wata tana fure, wata ta fito da sabon ganye ja-ja, duk a gona guda. Ga kuma kauci, wanda ke son kaɗanya ƙwarai. Sai ka hango itace da curin kore nan da can a cikin busassun rassa ka ɗauka ganyensa ne, alhali na ɗan ci-ma-zaune ne da ya kafa saiwa a jikinsa yana tsotsa. A kusa dai ba ta ɓuya, ɓawonta mai kauri ne, ya tsattsage gida-gida, in ka karce shi farin ƙaro ya fito.

Akwai wani abin da ke ɓata lissafin duk wanda ya haddace siffar itace daga littafi, wato hannun mutum. Kukar gona ba ta da rassan kukar daji, domin duk ƙarshen damina ana hawa a sassaro su don ganyen miya, sai ta zama gindi da dungulmi. Maɗaci, wanda in an bar shi yake tashi dogo mai cikar kai, Fulani kan hau su sare wa shanu rassansa da rani, masu magani kuma su ɓare jikinsa, har ya koma doguwar sanda da ɗan tuntu. Marke ma haka. Darbejiya kuwa ana gille kanta don a sami sandunan rufi, ta sake tofowa a cunkushe. Siffar da ke isowa ido daga nesa ta itacen ce da ta gatarin da ya bi ta kansa, kuma kowane yanki da irin saransa.

A kasuwar Rogo na tsaya wurin wata dattijuwa mai daddawa. Tana da iri biyu a faifai, baƙa da mai ɗan haske.

"Inna, wacce ce ta kalwa?"

"Baƙar, ɗan nan. Waccan ta waken soya ce. Ita aka fi saya, ta fi araha."

Na tambaye ta ko kalwar ta gonarsu ce. Ta yi dariya ta ce da can ne ake haka. Yanzu awo take yi a kasuwa, kuma kowace shekara kwanon sai ya ƙara kuɗi. Ta ce lokacin da aka kawo ta gidan miji, makubar da ake dafe ɗaki da ita ba a saye, kowane gida na da tulin ɓawon ɗorawa a bayan rumbu. Na ce mata ai ga ɗorayi nan na gani cike da gonaki a hanya. Ta ce, "Tsofaffi ka gani."

Wannan magana tata ta fi ƙarfin hotona, ta kuma fi ƙarfin hotunan da suka fi nawa tsada nesa ba kusa ba. A 2020 wasu masana ƙarƙashin jagorancin Martin Brandt na Jami'ar Kofanhegan, tare da hukumar NASA ta Amurka, suka wallafa wani aiki a mujallar Nature. Sun ɗauki hotunan tauraron ɗan Adam masu kaifin da ke nuna abin da bai fi rabin mita ba, suka zagaye kan itatuwa kusan 90,000 da hannu don koya wa kwamfuta, sannan suka sake ta ta ƙirga. Ta samo itatuwa fiye da biliyan 1.8 a fili mai faɗin murabba'in kilomita miliyan 1.3 na yammacin Sahara da Sahel, wurin da taswirori da yawa ke nunawa kamar babu komai. A 2023 aka faɗaɗa aikin daga Tekun Atlantika zuwa Bahar Maliya, adadin ya kai biliyan 9.9. Aiki ne babba, kuma ya kunyata masu cewa ƙasarmu hamada ce tsagwaronta. Sai dai abin da aka ƙirga kan itace ne da faɗinsa. Ɗorawa mai shekara ɗari da darbejiyar da tsuntsu ya kasayar shekaru goma da suka wuce, kowace ɗaya ce a lissafin.

A Nijar ma hoton sama ne ya fara ba duniya labari. Da aka jera tsofaffin hotunan jirgi na shekarun 1970 kusa da na bayan 2000, sai aka ga gonakin Maraɗi da Damagaram sun cika da itatuwa. Manoma ne suka daina tumɓuke kututture, suna zaɓar tofo ɗaya ko biyu su rene shi, dabarar da Tony Rinaudo ɗan Ostireliya ya taimaka wajen yaɗawa daga Maraɗi tun shekarun 1980. Ana ƙiyasta hekta miliyan biyar da itatuwa wajen miliyan 200. Amma sai da aka sauka ƙasa aka taka kafin a san cewa a wurare da yawa na Damagaram gawo ne ya fi yawa a ciki. A nan Kano, tun zamanin da Michael Mortimore ke koyarwa a Jami'ar Bayero bincike ke nuna cewa yawan jama'a bai share itatuwan gonakin da ke kewaye da birni ba. Wani aiki da Muhammad Usman da Janet Nichol suka fitar a 2018 ya tarar ma sun ƙaru. Da suka shiga gonakin suka duba iri, sai ga darbejiya ce ke ɗauke da kaso mai yawa na ƙarin, na gado kuwa suna ja da baya.

Ba na cikin masu zagin darbejiya. Daga Indiya aka kawo ta zamanin Turawa, ta ba garuruwanmu inuwar da ba su da ita, ta ba talaka itacen girki da sandar rufi da maganin zazzaɓi, kuma ta tsaya a inda wasu suka ƙi tsayawa. Amma ba a kaɗa miya da ita, ba a yin daddawa da ita, ba a tatsar man da za a ci. Idan aka nuna mini hoto aka ce duba yadda ƙasar nan ta yi kore, ina da haƙƙin in tambaya: koren wa?

A wani ƙauye a bayan Rogo wani manomi, mai kimanin shekara hamsin, ya zagaya da ni gonarsa da la'asar. Daga bakin hanya gonar abin sha'awa ce: ɗorawa biyu, kaɗanya uku, kuka ɗaya, jerin itacen turare a kan iyaka. Na roƙe shi ya nuna mini ƙaramar ɗorawa ko ƙaramar kaɗanya, wadda ba ta wuce tsayin mutum ba. Muka taka gonar daga wannan kusurwa zuwa waccan. Ƙananan darbejiya sun fi a ƙirga, musamman a gindin manyan itatuwa inda tsuntsaye da jemagu ke sauka. Akwai kalgo da sabara da suka tofo daga kututture. Na ɗorawa da kaɗanya babu ko ɗaya.

"Malam, ta ina za su fito?" in ji shi. "Kalwa ba a bari ta faɗi ƙasa, tun tana sama ake sakato ta. Ƙwallon kaɗe mata na tsince shi tun da asuba. Wanda ya kuɓuta ya tsira, garmar shanu ta bi ta kansa. Wanda garma ta bari, akuya na jiransa da rani. Da, ana barin gona ta huta shekaru, su tashi a cikin saura. Yanzu wa ke da gonar da zai bari?"

Ya ce ko ya dasa, kaɗanya sai ta shekara 15 zuwa 20 kafin ta fara 'ya'ya, turare kuwa cikin 'yan shekaru ya sare ya sayar. Na ce masa man kaɗanya yanzu kayan duniya ne, ana sa shi a cakulan da man shafawa a Turai, har gwamnatin tarayya ta hana fitar da ɗanyen ƙwallon na wata shida a Agustan 2025 don a riƙa sarrafa shi a gida. Ya ce ya ji a rediyo. Abin da ya sani shi ne, bayan hanin kuɗin ƙwallon faɗuwa ya yi a hannun mata, masu gawayi kuwa ba sa jiran kaka, da kuɗinsu a aljihu suke zuwa da injin yanka. Kirya suka fara cinyewa, sai marke, yanzu sun dawo kan kaɗanya domin gawayinta na da nauyi yana daɗewa a murhu.

Ya kai ni gindin babbar cikin kaɗanyun gonar, wadda kauci ya ci rabin kanta. An riga an yi mata kuɗi sau biyu. Na tambaye shi ko zai sayar.

"Gonar ce tawa, Malam, itacen ba nawa ba ne. Da aka raba gadon mahaifinmu, ni aka ba ƙasa, kaɗanyun nan da ɗorawa guda aka ba 'yan'uwana mata. Ɗaya tana aure a Zarewa, ɗaya a Fulatan. Duk shekara suna aiko yara su tsince. Mai gawayin ya ce zai dawo bayan sallah, na ce masa ya je can ya same su, in sun yarda shi ke nan. Ta Zarewa na san ba za ta yarda ba. Ta Fulatan ce ke da bikin 'ya a gaba."